Baikon kaka: rabon wa ya kamata a fara cirewa?

Ɗiyar Manomi:
Salama gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Lahadi, na yi ta juya shi har na ga gara in kawo shi nan, inda akwai iyayen da suka fi ni sani.

Mun yi sujadar godiyar kaka. Allah ya ba da damina mai albarka, gaban bagade ya cika maƙil da buhunan hatsi da dammuna, har da dabbobi. An yi waƙa, an yi addu'a, kowa fuska a sake. Da aka sa albarka sai aka shiga gwanjo, aka ce kuɗin na rufin majami'a ne. Ina zaune kusa da wata uwa da mijinta ya rasu bara, ya bar ta da yara huɗu. Ta kawo hatsi a ɗan kwano, ta rufe da ƙyalle. Na san gidanta, na san abin da ta girba ba zai kai su ko'ina ba. Kwanon nan ma aka juye shi cikin buhu aka sayar. Da aka tashi, wanda ya fi kowa hali ya loda buhu shida a mota, ita kuwa ta koma gida da kwanonta wayam.

Ba wanda ya yi sata, ba wanda ya ci mutuncin kowa. Amma tun daga nan na kasa samun natsuwa. Idan mun ce ranar godiya ce, shin daidai ne a tashi ba a cire wa mabukata komai ba? Ni dai ina ganin rabonsu ne ya kamata a fara cirewa, kafin rufi, kafin komai.

Ma'ajin Ikilisiya:
'Yar'uwa, na ji zafin da kike ji, kuma ban raina shi ba. Amma bari in yi magana a matsayin wanda ya daɗe yana riƙe littafin kuɗi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ikilisiyar da yawancin mutanenta manoma ne, baikon kowace Lahadi ba ya isa komai. Sau ɗaya a shekara ake samun abu mai kauri, wato lokacin kaka. Daga nan ake biyan haƙƙin fasto, a gyara rufi, a tura abin da ya wajaba ga uwar ikilisiya, a ajiye ɗan abin da za a taimaka wa marar lafiya. Fasto ma yana da 'ya'ya a makaranta. Idan aka rabar da kayan a ranar, a watanni goma sha ɗayan da suka rage wa za a kama? Rufin da kike magana a kai, gwauruwar nan ma a ƙarƙashinsa take zama idan ana ruwa.

Ɗalibin Tauhidi:
Baba Ma'aji, da izininka. Abin da ya ba ni mamaki ranar da na lura da shi yana cikin Littafin Firistoci sura 23. Surar gaba ɗaya jerin idodi ce. An gama bayanin Idin Makonni, wanda ake yi bayan an ƙirga mako bakwai daga miƙa damin fari, sai aya ta 22 ta shigo da maganar da kamar ba ta idi ba ce: idan kuna girbi, kada ku girbe har gefen gona, kada ku koma kala, ku bar wa matalauci da baƙo. A tsakiyar dokar biki aka dasa ta. Haka kuma Maimaitawar Shari'a 16 ta lissafa waɗanda za a yi murnar idin da su: ɗa da 'ya, bawa da baiwa, Balawe (wato mai hidimar wuri mai tsarki), baƙo, maraya, da gwauruwa. Kuma a Maimaitawar Shari'a 14 aya 28 da 29, zakkar kowace shekara ta uku ba a kai ta wuri mai tsarki ba, a cikin garuruwa ake tara ta domin waɗannan mutanen su zo su ci su ƙoshi. Balawe yana cikin jerin, don haka maganarka kan haƙƙin fasto tana da tushe. Sai dai ba shi kaɗai aka ambata ba.

Ma'ajin Ikilisiya:
Ɗana, ka karanta daidai. Amma dokar kala an ba mai gona ne, ba a ba ma'ajin haikali ba. Kowa ya bar gefen gonarsa tukuna, sa'annan mu zo kan abin da ya iso gaban bagade.

Baba Dattijo:
Ma'aji, ka faɗi gaskiya, kuma gaskiyar nan ni ta fara kamawa. Shekarata ta haura saba'in, ina noma tun ina yaro. Mahaifina idan mun gama girbi ba ya bari mu koma mu tsince abin da ya zube. Ina jin haushinsa a lokacin, don ni na sha ranar. Washegari sai ka ga mata da yara a gonar suna kala, ba wanda ya kira su, ba wanda ya kore su, ba su kuma zo sun durƙusa suna godiya ba. Da gonar ta dawo hannuna, na fara ɗaukar 'yan ƙwadago, ina biyansu, sai na ga ai duk zangarniyar da ta faɗi kuɗina ce. Na sa ana tsincewa tas. Shekaru da yawa ina haka, kuma a shekarun nan ne nake kawo buhu mafi girma ranar godiya, ana kiran sunana ana tafi.

Ban gane abin da nake yi ba sai ranar da jikata ta karanta mini Maimaitawar Shari'a 24, inda aka ce idan ka manta da dami a gona kada ka koma ɗauka. Dalilin da aka bayar a ƙarshen surar shi ne ku tuna ku ma bayi ne a Masar. Na tuna shekarar da fari ya ci gonarmu, uwata ta fita kala a gonar wasu. Da wannan muka rayu. Ni da na ci kala na girma, ni ne na hana kala.

Saboda haka 'yata, ina bayanki. Amma kada mu ɗora wa kwamitin ikilisiya laifin duka.

Uwar Marayu:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ku yi haƙuri, ni ce irin matar da ake magana a kanta, ko da yake ba a ikilisiyarku nake ba. Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana.

'Yata, Allah ya yi miki albarka da idonki ya gan ta. Amma abu biyu nake roƙo a ji daga bakin wadda ta zauna a wannan kujerar.

Na farko, kada ku hana ta kawo kwanonta. Shekarar farko bayan rasuwar, wani dattijo mai kirki ya tare ni a ƙofa ya ce in koma da nawa, Allah ya san halina. Da alheri ya faɗa, amma na yi kuka a hanya fiye da yadda na yi kukan yunwa. Ranar nan ce kaɗai a shekara da nake tsayawa cikin layi ɗaya da kowa, ni ma ina da abin da zan ce Allah ya ba ni. Idan kun karɓe wannan, kun mai da ni mai karɓa kawai.

Na biyu, akwai shekarar da aka yi abin da kike nema. Aka kira mu gaba, mu bakwai, aka ba kowace mudu-mudu a leda, aka ɗauke mu hoto aka sa a intanet. Ɗana babba yana cikin matasa a lokacin. Abokansa suka gani. Ya yi wata uku bai taka majami'a ba. Hatsin ya ƙare cikin kwana huɗu, hoton yana nan har yau.

Kuma ku sani, ranar kaka ba ita ce ranar yunwa ba. Lokacin kaka ko marar gona yana samun abin sawa a baki, don hatsi ya yi araha kuma akwai aikin girbi. Yunwa tana zuwa ne idan an yi shuka, rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani bai nuna ba, hatsi ya yi tsada. A wannan lokacin ba biki, ba waƙa, ba wanda yake tuna mu.

Shugabar Zumuntar Mata:
Mama, kin sa ni hawaye. Ni ma na taɓa tsara irin wannan layin da hannuna, ina ganin alheri nake yi. Allah ya gafarta mini.

Ɗiyar Manomi:
Mama, na gode. Gaskiya da a ce ni aka ba dama ranar Lahadin nan, da na ɗauki kwanon na mayar mata a gaban jama'a, ina ganin na yi daidai. Yanzu na ga da na ƙara mata ciwo. To ke nan abin da ya dace shi ne a cire rabon a ranar, amma a ajiye shi har lokacin da kika faɗa?

Tsohon Fasto:
'Yata, kin kama bakin zaren. Bari in ƙara kaɗan a kan maganar Mama, don na yi shekaru ina wa'azi a kan gwauruwar nan ta Markus 12 kafin na karanta ayar da ke gabanta da kyau. Yesu ya ga ta jefa 'yan kuɗinta biyu, ya ce ta fi kowa bayarwa, bai kuma aika a mayar mata ba. Wannan ya tabbatar da roƙon Mama na farko. Amma a aya ta 40, kafin ya zauna gaban akwatin baikon, ya gama tsawata wa malaman Attaura masu cinye gidajen gwauraye suna fakewa da doguwar addu'a. Mu masu wa'azi mun fi son aya ta 41 zuwa 44, don tana sa mutane su buɗe hannu. Aya ta 40 da mu take magana. Wanda ya karɓi kwanon gwauruwa ya ɗauki nauyin sanin abin da za ta ci.

Batun kunya kuma, ku duba yadda mai gona Bo'aza ya yi da Rut, gwauruwar da ta je kala a gonarsa, a Littafin Rut sura 2. Bai tara masu girbi ya yi jawabi ba. Ya ce wa barorinsa su bar ta ta yi kala har cikin dammuna, su riƙa zaro zangarniya suna yar mata da gangan, kada kuma wanda ya tsawata mata. Da yamma ta sussuka abin da ta tara, ya kai wajen efa guda na sha'ir, wato cikin babban ma'aunin hatsi na Ibraniyawa. Ta koma wurin surukarta Na'omi da abin da hannunta ya tattara, kanta a ɗage. Kuma Rut mutuniyar Mowab ce, baƙuwa ce a Baitalami.

Game da gwanjo, ban ce haram ba ne. Abin da ke damuna shi ne yadda wani lokaci yake zama gasa, ana kiran suna da adadi, mai ƙaramin ƙarfi yana sunkuyar da kai. Yakubu sura 2 ta yi gargaɗi a kan mai zoben zinariya da ake ba wuri mai kyau, a ce wa matalauci ya tsaya can. Ana iya sayar da kaya ba tare da an yi shelar wa ya fi wa ba.

Matashin Mawaƙi:
Baba Fasto, ni tambayata ita ce, daga ina ma wannan biki ya fito? Mu da yawa ba mu da gona, albashi muke ɗauka ko sana'a. Wani lokaci ina jin kamar ba namu ba ne.

Ɗalibin Tauhidi:
Ɗan'uwa, tushensa nunan fari ne, Maimaitawar Shari'a 26, inda mutum zai sa farkon amfaninsa a kwando ya kai gaban firist. Amma sujadar godiyar kaka a irin siffar da ikilisiyoyi da yawa suka sani yau, akan danganta farfaɗo da ita ga wani limamin Anglikan mai suna Robert Hawker, wanda ya kira mutanensa sujadar godiya a Morwenstow da ke Konwol ta ƙasar Ingila a 1843. Daga can ta bazu. Ga mai albashi kuwa, Bulus ya riga ya ba da hanya a 1 Korantiyawa 16:2, kowa ya riƙa keɓe wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa. Korantiyawa mutanen birni ne, kuma kuɗin da ake tarawar na matalautan Urushalima ne. Kakarka ita ce ƙarshen wata.

Ma'ajin Ikilisiya:
To, na ji. A ce mun yarda a ajiye. Ina so a amsa mini tambayoyin da ni za a yi wa. Wa zai riƙe mabuɗin? Hatsi ba kuɗi ba ne, ƙwari suna ci, danshi yana ɓata shi, ɓera yana shiga. Buhu goma da aka ajiye ba goma za a tarar ba, kuma ranar da aka auna aka ga ya ragu, sunan wani ne zai ɓaci. Na ga ikilisiyar da ta rabu biyu a kan buhu uku. Sa'annan wa zai ce wance mabukaciya ce, wance ba ita ba? Duk wanda aka tsallake zai ce an yi son kai, ko don dangi, ko don yare.

Tsohon Fasto:
Ma'aji, tambayoyinka ba na rashin bangaskiya ba ne, na wanda ya ga jiya ne. Kuma rigima ta farko da aka rubuta a ikilisiyar Urushalima wannan ce dai. Ayyukan Manzanni 6: Yahudawa masu jin Helenanci, wato Girkanci, suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu a rabon kowace rana. Manzanni ba su ce a daina rabo ba. Suka sa jama'a da kanta ta zaɓi mutum bakwai, kuma idan ka duba sunayen, daga Istifanas da Filibus har na ƙarshe, duka sunayen Helenanci ne. Alama ce cewa ɓangaren da ya yi kuka shi aka damƙa wa aikin. Bulus kuma, da zai kai gudummawar Urushalima, bai yarda ya ɗauka shi kaɗai ba. A 2 Korantiyawa 8 ya ce akwai ɗan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa ya yi tafiyar da su, don kada a samu abin zargi. Idan manzo bai riƙe mabuɗi shi kaɗai ba, kai ma kada ka yarda a ba ka kai kaɗai. Kwaɗo biyu, mabuɗi a hannu biyu, a auna a gaban shaidu, a karanta adadin a taron ikilisiya. Adadin za a karanta, sunaye a bar su a littafi.

Shugabar Zumuntar Mata:
Batun wa ke da bukata, ku bar mana. Zumunta a ƙafa take. Mu ne muke shiga gidaje, mun san murhun da bai ga wuta ba. Kuma ba kullum gwauruwa ba ce. Akwai mai miji da ciwo ya kwantar, akwai tsohon da 'ya'yansa suka yi nisa, akwai magidancin da gonarsa ta ƙi, wanda zai gwammace ya mutu da ya buɗe baki. Irin wannan sai namiji ɗan'uwansa ya kai masa da dare. Batun ƙwari kuma, idan hatsin ya bushe sosai aka zuba a buhun da iska ba ta shiga, ko ganga mai murfi, aka ɗora a kan katako nesa da bango, yana kaiwa. Mata sun iya wannan.

Wani Ɗan'uwa Mai Sana'a:
Ku gafarce ni, ina da ja kaɗan. Na farko, kada mu koya wa mutane zaman jira. Bulus ya ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Na biyu, na ji ana ta ambatar baƙo. Abin da 'yan ikilisiya suka tara da guminsu, sai a kai wa wanda bai taɓa shiga majami'a ba? Galatiyawa 6:10 ta ce musamman 'yan gidan bangaskiya.

Uwar Marayu:
Ɗana, wanda ya ƙi aiki aka ce, ba wanda aikinsa bai isa ba. Ina tashi tun asuba. Amma ka taɓo gaskiya a wani wuri. Shekarar da ta fi yi mini wuya ita ce wadda muka cinye irin shuka. Da wani ya ba ni iri rance a lokacin, in mayar bayan girbi, da ya fi mini kyautar wata guda. A keɓe wani kaso na iri.

Batun na waje kuma, maƙwabciyata ba addininmu ɗaya ba. Daren da ɗana ƙarami ya yi zazzaɓi, ita ta goya shi muka tafi neman magani. Idan aka kawo mini mudu biyar, biyu gidanta za su, ko kwamiti ya yarda ko bai yarda ba.

Ɗalibin Tauhidi:
Yaya, ayar da ka kawo ta fara da cewa mu yi wa kowa alheri, sa'annan ta ce musamman. Ta sa na gida a gaba, ba ta rufe ƙofa ba. Ikilisiyar farko haka ta fahimta. Jastin Shahidi, a tsakiyar ƙarni na 2, ya bayyana cewa abin da ake tarawa ranar Lahadi yana zuwa ga marayu, gwauraye, marasa lafiya, 'yan kurkuku da baƙi. Wajen shekara ta 251 ikilisiyar Roma tana ɗauke da gwauraye da mabukata fiye da 1,500, a lokacin da ake tsananta mata. A 362 kuma Sarkin Roma Juliyan, wanda ya bar bangaskiya yana son farfaɗo da bautar gumaka, ya rubuta wa wani babban firist nasa a Galatiya yana kukan cewa Kiristoci suna ciyar da matalautansu har da na masu bautar gumaka. Maƙiyi ne ya ba da wannan shaidar.

Wani Ɗan'uwa Mai Sana'a:
Maganar iri na karɓa hannu biyu, zan ma sa nawa a ciki. Ta na waje har yanzu ina ganin sai na gida sun samu tukuna. Mama, abin da kika yi da naki ba mai hana ki.

Ɗiyar Manomi:
Baba Ma'aji, saura kai. Kashi nawa kake ganin ikilisiya za ta iya cirewa ba ta durƙushe ba? Ni a raina kashi ɗaya cikin uku nake so.

Baba Dattijo:
Attaura ba ta faɗi faɗin gefen gonar da za a bari ba, ta bar wa zuciyar mai gona. Yusufu kuwa kashi ɗaya cikin biyar ya ce a tara a Masar a shekaru bakwai na ƙoshi. Ku duba tsakani. Ni dai bana na riga na gaya wa masu yi mini aiki, layi biyu na gefen gabas ba za a taɓa su ba.

Ma'ajin Ikilisiya:
'Yar'uwa, ɗaya cikin uku ba zan iya kare shi a gaban kwamiti ba, rufinmu a buɗe yake kuma ana bin mu bashin haƙƙin fasto na wata biyu. Ɗaya cikin biyar zan iya tsayawa a kai, a cire shi kafin a fara gwanjo, a auna a gaban jama'a, kuma ba ni zan riƙe mabuɗi ba. Namu bikin saura mako biyu, kwamiti zai zauna ranar Asabar. Ke kuma tunda naku ya wuce, ki samu ma'ajinku da shugabar zumuntarku ku zauna, kuɗin gwanjon bai gama fita ba, kuma yanzu ne hatsi yake da sauƙin saye.

Ɗiyar Manomi:
Ɗaya cikin biyar bai kai yadda nake so ba, Baba, amma zan je da shi. Gobe bayan addu'ar safe zan same su. Mama, in na tashi zuwa gidan uwar nan, da me zan fara? Ba na so ta ji kamar na zo duba talaucinta.

Uwar Marayu:
Kada ki riƙe komai a hannu zuwan farko. Ki je da yamma lokacin da take aiki, ki zauna ki kama mata, ki tambaye ta sunayen yaran da ajin da kowa yake. Idan ta ba ki ruwa ki sha. Zuwa na uku ita da kanta za ta gaya miki watan da take tsoro.